Hagun Jaɓɓo Ba Asiri Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan taro, Alhaji Attahiru, uban ƙungiyarmu, wanda ya saya mana raga a lokacin da muke ɗaura igiyar shanya tsakanin itatuwa biyu. Mai girma wakilin Hakimi. Liman da sauran malamanmu. Kocinmu Malam Zakari. Baƙinmu 'yan wasan Birnin Konni, waɗanda suka tsallako iyaka suka sha kashi jiya, kuma suka dawo yau da fara'arsu. 'Yan'uwanmu na Amarawa da na Darna Sabon Gari. Iyayenmu na ruga, musamman Baffa Marwa da ke zaune can gindin dogon yaro. Iyayenmu mata da ke bayan rumfa. Abokan sana'ata 'yan kabu-kabu da suka kashe babura suka tsaya cikin rana. Jama'ar Illela manya da ƙanana, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da wannan kofi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ranar da kofin ƙwallon raga na garuruwan bakin iyaka ya kwana a Illela. Godiya ga waɗanda suka share fili, da waɗanda suka ɗebo ruwa suka yayyafa, da waɗanda suka yi ta ihu jiya har muryarsu ta dushe. Godiya ga shugaban taro da ya ba ni izinin tsayawa nan, alhali akwai waɗanda suka fi ni karatu, suka fi ni shekaru, suka fi ni iya magana.

Sunana Mukhtari. Da rana ina ɗaukar fasinja tsakanin nan da Konni, da yamma ni ne mai ɗaga ƙwallo a ƙungiyar nan. Ga wanda bai san wasan ba, aikina shi ne in ɗaga ƙwallo sama kusa da raga, wani ya tashi ya doke ta. Ba a cika tafa wa mai ɗagawa ba, kuma ban damu ba. Amma mai ɗagawa ya fi kowa kallon mutane, domin sai ya san ƙafar kowa, ya san kafaɗar kowa, ya san wanda ke tashi da wuri da wanda ke makara.

Jama'a, zan faɗi abin da ya tsayar da ni tun yanzu, don kada ku yi ta jira. Kowa ya ga abin da Jaɓɓo ɗan Baffa Marwa ya yi jiya da hannunsa na hagu. Mutanen da suka zo daga Sakkwato neman 'yan wasa su ma sun gani, kuma sun ce ya je a gwada shi, motarsu za ta tashi jibi. Baffa Marwa ya ce ba za shi ba. Bai ce haka don ƙiyayya ba, bai ce haka don shanu sun rasa makiyayi ba. Ya ce haka ne don wata magana da ke yawo a tashar babura, da wurin masu shayi, da rumfunan 'yan canji, wai Jaɓɓo ya tsallaka Nijar da hannun dama, ya dawo da hannun hagu, wai wani boka ne ya juya masa hannu. Baffa ya ce gara ɗansa ya zauna bayan shanu da sunansa mai kyau, da ya tafi birni ana nuna shi da baki. Ni kuwa na san inda hannun nan ya fito, domin a gabana ya fito. Shi ya sa na roƙi a ba ni wannan dama.

Abu na farko, abin da na gani da idona.

Wata safiyar ranar kasuwa ce, cikin daminar bara, gero ya kai gwiwa. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi. Na ɗauko Inna Tasalla mai ƙosai daga Darna Sabon Gari zan kai ta kasuwa, robarta a cinya. Muna tafe sai muka tarar da Baffa Marwa da Jaɓɓo sun koro shanu za su kara, wato kasuwar dabbobi. Na rage gudu ina jira su ba ni hanya. Sai wani ɗan bajimi ya ɓalle daga cikin garke, ya miƙe sak zuwa gonar Malam Muhyiddeen da ke bakin hanya. Malam Muhyiddeen yana ciki da fartanyarsa. Ya ɗago, ya ga bajimi, ya ɗora hannu a ka.

Ba sai na gaya wa mutanen wannan ƙasa abin da ke biyo baya ba idan sa ya shiga gero da damina. Kun san shi, iyayenmu na ruga sun san shi, wakilin Hakimi ya fi kowa saninsa.

Jaɓɓo yana da sanda a hannun dama. Bai jefa sandar ba. Ya sunkuya, ya ɗauki hoge, dunƙulen ƙasar nan da garma ke bari, da hannun hagu. Ya taka dama, ya taka hagu, ya sake taka dama, ya sake shi. Nisan ya kai daga inda nake tsaye zuwa waccan motar ta Alhaji. Hogen ya fashe a kan ƙahon bajimin, bajimi ya girgiza kai, ya juyo ya koma cikin 'yan'uwansa kamar an kira sunansa. Ko ganye ɗaya bai taɓa ba.

Ni kuwa na taka birki, na kashe babur, na yi tsaye. Inna Tasalla ta doke ni a baya ta ce, "Kai Mukhtari, mi ya hwaru? Mai ya ƙare?" Na ce, "Inna, mai bai ƙare ba." Ta ce, "To tada abinka mu tahi, ƙosaina na hucewa kana kallon shanu kamar yau ka fara ganin saniya!"

Ba shanu nake kallo ba, ƙafafun Jaɓɓo nake kallo. Domin na daɗe ina ɗaga wa yaron nan ƙwallo. Dogo ne, yana tashi sama kamar an cilla shi, amma in ya doka da dama, ko ta faɗa raga, ko ta wuce fili ta faɗa kan masu sayar da rake. Har suna aka sa masa, ana ce masa Mai Gyaran Raga. Kullum bayan wasa yana riƙe da kafaɗa yana murzawa. Kuma takun da ya yi kafin ya jefa hogen nan, dama, hagu, dama, shi ne takun da yake yi kullum kafin ya tashi gaban raga. Na ce a raina, ashe ƙafafun yaron nan sun daɗe suna shirya wa hannun hagu hanya, mu kuma muna tura ƙwallo ga hannun dama.

Ban yi magana ranar ba. Na ce jifa ɗaya ba ta isa hujja ba, bari in ƙara kallo. Na lura in ƙuda ya sauka masa a fuska, da hagu yake kora. In zai ɓare rake, wuƙa tana hagu. Wata rana muna zaune na cilla masa makullin babur ba tare da na ce masa komai ba, ya cafe da hagu yana ci gaba da hira. Amma in an kawo abinci, dama. In zai gaisa, dama. In zai karɓi abu daga babba, dama, da rusunawa. Sai na gane cewa abin da aka koya masa yana yi da dama, abin da ya zo masa ba shiri yana yi da hagu.

Da na gaya masa, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yaya Mukhtari, ni ba bahago ba ne. Tun ina ƙarami kakata ta raba ni da wanga abu. In za a ci tuwo sai ta cusa mini hannun cikin riga." Na ce, "Allah ya jiƙan kaka, ta koya maka ladabi, kuma ladabin ya zauna. Ni ba tuwo na ce ka ci da shi ba. Ƙwallo na ce ka doka."

Abu na biyu, abin da masu ilimi suka ƙara mini, domin ido yana ganin abu amma ba ya faɗin dalili.

Kakana Sahabi, da yawanku kun san shi, ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama suka mutu, magana kuma ta ɗauke. Ni nake kai shi asibiti wurin Malama Mahbuba, mai yi wa irin waɗannan marasa lafiya gashin ƙashi da motsa jiki, ga ta can zaune cikin mata. Wata rana na ji ta ce ciwon Kaka a ɓarin hagu na kansa yake. Na ce, "Malama, hannun dama fa ya mutu." Sai ta karɓi goro daga hannun Kaka, ta raba shi biyu, ta ce haka ƙwaƙwalwar mutum take, ɓari biyu manne da juna. Ta ce jijiyoyin da ke saukowa daga kai suna gicciyewa wajen ƙeya, na hagu su tsallaka dama, na dama su tsallaka hagu. Saboda haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hannun dama, ɓarin dama kuma shi ke sarrafa hannun hagu. Kuma ga yawancin mutane, magana tana zaune ne a ɓarin hagu, shi ya sa ta tafi tare da hannun Kaka na dama.

Da maganar Jaɓɓo ta taso, na koma wurinta da murnata. Na ce, "Malama, na gano! Ashe bahago ƙwaƙwalwarsa a juye take, shi ya sa ya fi kowa iya wasa." Ta yi dariya har ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Mukhtari, kada ka je tasha ka yaɗa ƙarya da sunana." Ta ce ba a juye take ba, yawancin bahagwai ma maganarsu tana ɓarin hagu kamar ta kowa. Ta ce babu mai aiki da rabin kai, duk wanda ya tashi dukan ƙwallo, ɓari biyun suna aiki tare, ido na auna nisa, ƙafa na auna lokaci, hannu na cikawa. Ta ce abin da aka tabbatar shi ne, a cikin mutum goma, wajen ɗaya ne hannunsa na hagu ya fi saurin amsa kira, kuma tun yana jariri ake fara ganin alama. Wani lokaci abin yana bin gida, wani lokaci ba ya bi, kuma masana ba su gama gano dalili ba har yau. Za a iya koya wa irin wannan yaro ci da rubutu da dama, ya kuma iya, amma jifa ta kan zauna inda Allah ya ajiye ta.

Jama'a, ku ji wannan da kyau. Tun yana jariri. Ba a Konni ba, ba a dajin Nijar ba, ba a ɗakin boka ba. Tun yana goye a bayan Inna Hajjo, mahaifiyarsa.

Abu na uku, me ya sa hannun ya yi wa abokan karawarmu wuya? Nan ne Malam Zakari ya shigo, kuma ina so a san cewa ni na ga hannu, shi ya san inda za a ajiye shi. Ya ce mai dukan dama, takunsa na ƙarshe da ƙafar hagu yake yi, don ƙirjinsa ya buɗe, kafaɗar dama ta ja baya ta samu hanya. Bahago kuwa akasin haka. To Jaɓɓo yana takun bahago yana dukan dama, jikinsa na murɗewa a sama kamar wanki, shi ya sa ƙwallo ke faɗawa raga, shi ya sa kafaɗa ke ciwo. Malam Zakari ya ɗauke shi daga gefen hagu na raga ya mayar da shi gefen dama, domin a can, in na ɗaga ƙwallo, hannunsa na hagu take fara tararwa, ba sai ta ratsa gaban fuskarsa ba.

Sannan akwai masu tarewa, waɗanda ke tashi a ɗaya gefen raga su ɗaga hannuwa su toshe hanya. Duk rayuwarsu masu dukan dama suke tarewa. Idonsu ya saba, ƙafarsu ta saba, kafin su yi tunani jikinsu ya riga ya tsaya gaban kafaɗar dama. Kyaftin ɗin Konni, ga shi nan yana jina, jiya bayan wasa ya kama hannuna, ya kira ni Mushe, wato Malam a bakin mutanen Nijar, ya ce, "Mushe Mukhtari, wallahi mun rufe ƙofa, mun sa sakata, sai muka ga mutum ya shigo ta taga." Na ce masa, "Tagar tana nan tun dā, ku ne ba ku taɓa ganin mai bi ta nan ba." Ƙarancin bahagwai shi ne ƙarfinsu a wannan wasa. Da rabin garin nan bahagwai ne, da Jaɓɓo sai ya nemi wata dabara.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ranar da ya fara doka da hagu, ƙwallo ta tafi ta kifar da tiren mai gyaɗa. 'Yan Amarawa suka zo suka lallasa mu a filin nan, ga su can suna murmushi, sun tuna. Aka ce Mukhtari ya ƙarasa lalata yaro, dā yana gyaran raga, yanzu yana korar 'yan talla. Na ce hannun da aka ajiye cikin riga tun yarinta ba zai fito rana ɗaya ya san raga ba.

Da damina ta yi nisa, lokacin da shanu ke yin arewa don su bar wa manoma gonakinsu, Jaɓɓo ya bi garke ya tsallaka, kamar yadda ya saba kowace shekara, kamar yadda ubansa da kakansa suka saba. Na ba shi wata tsohuwar ƙwallo da buhun albasa. Na ce duk inda kuka yada zango, ka sa ta cikin buhu, ka rataye a reshe, ka taka, ka tashi, ka doka. Ya yi ta yi safe da yamma, shanu na kallonsa. Da kaka ya dawo, tafin hannunsa ya yi kanta, buhun ya yage, ƙwallon ta koma kamar tsohuwar ƙwarya. Wannan shi ne bokan da ake faɗa, buhun albasa da reshen ƙaya. Abin da kuke gani naɗe a yatsunsa kuwa, da ake cewa laya ce a ciki, filasta ce, a kemis ɗin bakin tasha na sayo ta, duk mai so ya zo ya warware.

Na je wurin Liman ma na tambaya, don kada in sa yaro a hanyar da ba ta dace ba. Ya tambaye ni, "Da wane hannu yake ci?" Na ce dama. "Da wane yake gaisawa?" Na ce dama. Ya ce, "To ku bar shi ya doki ƙwallonsa." Liman yana nan, in na ƙara masa ko na rage, ya gyara mini.

Ya ku jama'ar Illela, mu mutanen bakin iyaka ne. Mun san naira, mun san sefa, ba mu taɓa cewa ɗaya daga cikinsu ba kuɗi ba ce. Mun san hanyar da ta shiga, mun san hanyar da ta fita. Yaya za a yi Allah ya ba ɗanmu hannu biyu, ɗaya na ladabi, ɗaya na aiki, mu ce sai boka ne ya ba shi? Ina alfahari da wannan kofi, ina alfahari da wannan ƙungiya, amma na fi alfahari da cewa yaron da aka yi wa dariya a filin nan, a filin nan aka ɗauke shi a kafaɗa jiya. Ina roƙon iyaye, in kun ga yaro na miƙa hagu, ku koya masa ci da dama, ku koya masa gaisuwa da dama, amma kada ku sa ya ji kunyar ɗaya hannun. Ina roƙon abokaina na tasha, bakin da ya kai waccan magana gari, shi ya kamata ya kai wannan.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya. Allah ya kiyaye tsakanin manomi da makiyayi. Allah ya mayar da baƙinmu na Konni gida lafiya, ya ba su haƙurin jiya. Allah ya ƙara wa Kakana Sahabi sauƙi, ya saka wa Malama Mahbuba da Malam Zakari da alheri, ya ƙara wa shugaban taro arziki da lafiya.

Saura abu ɗaya kafin in zauna. Na ce a gabana hannun nan ya fito, tun kafin Jaɓɓo ya tsallaka ko'ina, amma ba ni kaɗai ba ne a hanyar Darna a waccan safiya. Inna Tasalla tana bayana a kan babur. Inna, ga ki can, ɗaga hannu su gan ki. Madalla. Malam Muhyiddeen mai gona yana cikin geronsa, shi ne ya biyo Jaɓɓo har bakin hanya yana sa masa albarka. Malam, haka aka yi? Kun ji, ya ce haka aka yi.

Shaida na uku shi ne wanda ya fi kowa kusa da yaron lokacin da ya sunkuya. Na ji shi da kunnena ya yi dariya ya ce, "Wanga hannu bai taɓa kuskure mini sa ba." Baffa Marwa, kai ne. Ka gafarce ni, Baffa, ni ɗanka ne, kuma na gaya wa jama'a tun farko cewa kallon mutane shi ne aikina. Da ka iso wurin nan ka gaisa da Alhaji da dama. Aka kawo maka ruwa ka karɓa da dama. Amma ɗazu da ƙwallon yara ta taso za ta faɗa kan tsohon da ke kusa da kai, ba shiri, ba tunani, kai ka tare ta, kuma da hagu. Kuma sandarka, tun da ka zauna, ka duba hannun da take.

Jama'a, ku bar dariya, babba ne. Baffa ma ya rufe baki da rawani.

Baffa, ba boka ya ba shi ba, daga gida ya ɗauko. Mota za ta tashi jibi. Ba sai ka yi magana cikin taro ba, na san ba al'adarku ba ce. In ka yarje masa ya tafi, ka ɗan ɗaga sandar nan kawai, mu gani.

Allahu Akbar. Ranka ya daɗe shugaban taro, ka shaida. Liman, ka shaida. Inna Tasalla, Malam Muhyiddeen, kun sake zama shaidu. Ya ɗaga, kuma kowa ya ga hannun da ya ɗaga da shi.

Jaɓɓo, tashi ka je ka durƙusa gaban mahaifinka. Ka miƙa masa dama.

Na gode.